Kwalliya, In Ji Kwamiti

Dayton, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Clifton,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Noreen da jikoki. Yaya sabuwar gwiwar da aka sa maka bara? Inshorar coci ce ta biya, kuma ban ji wanda ya kira ta kwalliya ba.

Wata biyar ke nan da aka cire wa matata Verna maman hagu saboda ciwon daji. Likita ya sa ranar ashirin ga Afrilu don a yi mata aikin mayar da shi. Jiya takardar kwamitinku na inshorar ma'aikatan coci ta iso: ba za ku biya ba, wai aikin na kwalliya ne.

Shekara talatin na yi ina koyar da Latin kafin a rufe ajina, don haka na san nauyin kalma. Kwalliya ita ce jan bakin da Noreen ke shafawa. Verna kuwa safa take cusawa a rigar mama kafin ta fita. Ranar Lahadi ta sunkuya tana jera furanni a bagade, safar ta faɗo a gaban mawaƙa. Ta ɗauka ta sa a aljihu, ta ƙarasa aikinta. A mota ta yi kukan.

Na je wurin wata lauya da ƙarfin gwiwa, domin dokar ƙasa ta ce inshorar da ta biya cirewa sai ta biya mayarwa. Ta duba takardun ta ce, "Mista Pruitt, taku ai ta coci ce. Akwai ƙofar da aka bar musu." Wato mai sayar da taya dole ya yi wa sakatariyarsa adalci, gidan Allah kuwa sai ya ga dama.

Za ku sake zama ranar Alhamis, kuma kai ne shugaba. Shekara ashirin da shida Verna na buga muku takardu a ofishin coci. Ka tuna da haka in ka ɗaga hannu.

Ka gaida gida.

Yayanka,
Wendell

Dayton, Litinin bayan Ista

Clifton,

Da fatan kun yi biki lafiya. Taliya da kifin gwangwanin da Noreen ta aiko sun iso. Kare ya ci, yana godiya.

Na ji yadda aka yi: uku sun yarda, uku sun ƙi, kai kuma ka naɗe hannu, wai ba ya kyautu ka jefa ƙuri'a a kan matar yayanka. Tun muna yara haka kake, ka fi son a ce kana da tsabta da a ce ka yi amfani. Likita ya ba wata mata ranar Verna.

Jiya da safe ka bugo waya kana haki: "Wendell, ina furannin? Mutane sun cika, bagade tsirara yake." Na kashe wayar. Na san ka ɗauka ni na hana ta. Ba ni ba ne. Ni so na yi in kai ku kotu, ita ta ce in bari.

Furannin na nan a ɗakin girki, tukwane goma sha biyu, ita ta rene su tun Janairu. Da na gaya mata ka kira, ba ta ko ɗago kai daga shayinta ba. Ta ce, "Gaya masa ya yi haƙuri. Kwalliya ce, ba dole ba ce."

Makullin ofishinta na cikin ambulan ɗin nan.

Yayanka har yanzu, tunda ba ni na zaɓa ba,
Wendell