Salular Marigayi Ta Yi Shiru

Yaya Hadiza, ina gaisuwa. Ina gajiya, ya yara, ya zaman Kwatano? Muna lafiya, sai kewa.

Ran kasuwar garin Filinge na gane kuskurena. Tun rasuwar maigidana nake riƙe da salularsa, ina jiran saƙon masu duba gajimare da na'ura, wanda ke gaya masa ranar shibka, tunda damina ta rikice. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka shibka, na ce sai saƙo ya zo. Da na kai salular caji a kasuwar, mai caji ya ce, "Inna, ai masu aikin sun koma ƙasarsu tun da gwamnatoci suka ɓata."

Ki sa mu a addu'a, ki gaida maigidanki. Hatsin mutane ya kai gwiwa, gonar marigayi har yau ban shibka ba.