Sunan da Toka Ta Cinye

Talata Mafara, daren Laraba

Shekara uku ina gyaran ɗan jirgin ƙasan wasan nan da mahaifina ya samo hannun Baturen reluwe. Yau na murɗa makullinsa, ya zaga dogonsa sau biyu. Na fita La'asar ina murna. Kafin in dawo, ɗiyata Rabi ta dirje shi da toka kamar tukunya.

"Baba, diba, ya yi tas!"

Ya kuwa yi tas. Sunan yayanta Bello, wanda shi da kansa ya rubuta da fenti jikin tarago yana ɗan firamare, ya goge. 'Yan bindigar hanyar Gidan Goga ko gawarsa ba su bar mana ba.

Na ce, "Allah shi yi miki albarka." Duk bokona, iyakar abin da bakina ya iya ke nan.