Baba Ya Ƙona Labarina

Talata da dare, Yuli 2008

Yau Baba ya ƙona labarin da na yi wata bakwai ina rubutawa, na yarinyar da ta ƙulla ƙawance da wata aljana. Ƙawata Rifkatu na ara wa, jiya kuma ta faɗi a aji tana karkarwa. Da la'asar mamanta ta zo har Tudun Fulani da littafin a leda, ta ce, "Baban Hauwa, 'yarka ce ta kira su, ga shi sun kama tawa."

Baba bai tambaye ni komai ba, ashana kawai ya nema.

Na san zazzaɓi ne, tun Asabar take fama, amma ban faɗa ba. An hana ta kula ni. Ita kaɗai ta taɓa karanta labarin har ƙarshe.