Na Goge Furfuri da Karakkai Daga Aikin Kawuna

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mace ce, ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Gusau, muna haɗa na'urar da ke kula da famfunan sola. Wanda ya rubuta zuciyar manhajar, abin da muke cewa kanel, kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma shi ya koya min aikin nan tun ina sakandare. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ya koyi kwamfuta, zamanin da ake huda kati don ba ta umarni, da harshen asembuli, wanda kusan kai tsaye kake magana da injin.

To yana da wata ɗabi'a tun daga can. Akwai ɓangaren da in abin gaggawa ya taso, misali tanki ya cika ko wuta ta yi ƙasa, injin zai ajiye abin da yake yi ya je ya amsa, sannan ya dawo inda ya tsaya. Kowane zango a wurin sai an raɗa masa suna, shi kuwa Kawu sunayen garuruwan da yake bi da keke yana saurayi, yana kai wa babansa goro, su ya sa. A shiga ta Bunguɗu, a sauke kaya a Furfuri, a duba a Karakkai, in da matsala a kauce Magami, a dawo Gusau. Wallahi haka na haddace su, har rerawa nake yi.

Kwanaki famfon wata unguwa a Tsafe ya riƙa tsayawa, mata suka koma rijiya. Sababbin ma'aikatanmu suka kasa gane inda injin ke maƙalewa, don babu alamar inda zango ya fara da inda ya ƙare, sai dai ka ga Furfuri kawai, kai da ba ka san hanya ba. Oga ya ce in sa wa kowanne alamar farko da ƙarshe, in canja sunayen zuwa masu faɗin aikinsu. Na yi, aka kuma gano matsalar, ashe wani gyara ne Kawu ya yi, ya manta bai mayar da abin da aka ajiye ba kafin a dawo. Kawu fa ya fara mantuwa, wani lokaci da sunan Innata yake kirana, amma in ya buɗe aikin nan sai ka ga mutumin da ka sani ya dawo. Oga ya ce a rufe masa hanyar taɓa aikin, ban yi musu ba don gaskiya ya faɗa.

Da safe Kawu ya zo kamar kullum ya buɗe kwamfutarsa, ya yi ta sama da ƙasa, sannan ya juyo ya ce min, "Ɗiyata, ina mutanen Furfuri sunka tai?" Innalillahi. Na ce bari in duba, na saka masa tsohon kwafi wanda ba ya haɗe da famfon kowa. Nan take fuskarsa ta washe, ya hau ba ni labarin ranar da tayarsa ta fashe a Karakkai.

Inna ta ce in bar shi a haka, tunda yana jin daɗi kuma ba ya cutar da kowa. Mijina kuwa har faɗa muka yi, wai na mayar da dattijo ƙaramin yaro na ba shi abin wasa, mutumin da bai taɓa ɓoye min kuskurena ba ko da zan yi kuka. Maganar ta yi min zafi ƙwarai, saboda ina jin haka ne.

Jiya ya kira ni cike da murna, wai ya gyara Karakkai, in shirya ranar Asabar in kai shi Tsafe ya ga ruwa na zuba da aikin hannunsa. Har ya sa an wanke masa babbar riga.

Ruwa dai yana zuba a Tsafe, amma ba ta Karakkai ya bi ba. 'Yan'uwa, in kai shi in yi shiru, ko in zaunar da shi in ce Kawu ni na tashi garuruwanka?