Faifan Sunan Ɗana da Ya Ƙi Yi a Ɗakin Inna

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Ɗaukar Bidiyon Biki na Unguwar Briqueterie, Yaoundé.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji, ni tela ne a nan unguwa, sunana Hamisu. Ba na tsammanin wasiƙar nan za ta gyara mini komai. Na rubuta ne don abin ya ishe ni, kuma kai ne babba a sana'ar.

Bara Allah ya ba ni ɗa, na sa masa sunan marigayi mahaifina. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu can gaba da Garoua, yanar ido na cin ta. Tafiyar ta fi ƙarfinta, maiɗakina kuma ta sha wuya wajen haihuwa, ba halin ɗaukar jariri a hau jirgin ƙasa. Hoton waya ba ta ganinsa, amma tele, wato talabijin, in ta matso da kujera, tana gane fuska. Saƙonta ɗaya ne: a nuna mata angonta, kamar yadda kakanni ke kiran jika. Shi ya sa na ɗauko ɗaya daga cikin mutanenka ranar suna. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Na ɗaya. Ya kunna mini faifan a kwamfutarsa, ya yi kyau har da kiɗa. Na ba direban ajans, kamfanin motocin safa, ya kai Arewa. Inna ta tara maƙwabta, aka shimfiɗa tabarmi, na'ura ta haɗiye faifai ta yi ta gurnani, ta tofo shi. Ashe irin fitarwar da ake yi wa waya ya zuba a kai, wadda na'urar gida ba ta karantawa. Mutane suka watse, tsohuwa ta ji kunya.

Na biyu. Da na koma, sai ya ce na'urarmu ce ta tsufa, wai yanzu wa ke kallon faifai? Alhaji, iyayenmu ke kallo. Na'urar nan kuwa kullum tana cin faifan wa'azi lafiya lau. Ya sake wani. Wannan ya buɗe, amma ba launi, hoton na ta birgima sama. Mai gyaran tele na garin ya ce an fitar da shi bisa tsarin Amurka, alhali telen Inna tsarin ƙasar nan kaɗai ta sani. Mai lafiyar ido ma bai ga yaro ba, balle ita.

Na uku. Kowane zuwa da dawowa makonni yake ci, ido kuwa ba ya jira. Da na je karo na uku, ya ce ya goge aikin daga kwamfutarsa don ya sami wurin zuba wani biki. Wai haka kuke yi, da zarar faifai ya bar shago an gama. Ya yi tayin juyo wani daga gurɓataccen. Kafin ya gama ja mini rai, ƙanwata ta bugo ta ce Inna ta daina bambance fitila da taga.

Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Ni in na ɗinka riga, sai mai ita ya sa a jikinsa kafin in ce na gama.

Ga roƙona, ko da na san da wuya a ji. Kowane shago ya ajiye tsohuwar na'urar gida da tele, a gwada faifai a gaban mai shi. A riƙa tambayar inda za a kalla kafin a fitar. Kada a goge aiki sai an ji labari daga can.

Ni kuma abu ɗaya ya rage mini. Ka sa mutuminka ya ciro mini sautin kawai daga faifai na biyu, wurin da yaron ya yi kuka da wanzami ya taɓa kansa. Faifan farko yana nan ƙarƙashin matashin Inna. Ƙanwata ta ce in baƙi sun zo takan ciro shi ta nuna musu angonta, sau da yawa ta bayan da ba hoto, ba kuma wanda ke iya gaya mata.

Allah ya ƙara maka girma, ya bar maka idanunka har ka ga jikokinka.

Wassalam.

Hamisu Tela,
Briqueterie, Yaoundé.