Libarbar da Janar Bai Taɓa Riƙewa Ba

Gwaggo Casilda,

Ki taimake ni kafin Juma'a. Ranar ake so in sa hannu, ni kuma yau kwana goma sha tara ina yawo da wata takarda a jaka kamar wadda ta sato ta. Na shiga aji da ita, na je kasuwa da ita, na zauna a coci tana kan cinyata. Zaman minti biyar ya gagare ni. Jiya sau uku na share tsakar gida, babu ko ganye ɗaya a ƙasa.

Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a nan Parral, shekarata hamsin da huɗu. A gidanmu akwai wata tsohuwar libarba mai ƙotar farin ƙashi, an zana mata haruffa biyu da azurfa, L da G, a ƙasansu an rubuta "ga sajena". Labarin da muka tashi da shi shi ne, kakanmu Crisóforo, mahaifin Mama, yana saje a soja, ya janyo Janar Liborio Gándara daga ƙarƙashin dokinsa da aka harbe a tsakiyar kogi, Janar kuwa ya zare bindigarsa daga ƙugu ya miƙa masa. Duk ranar ashirin ga Nuwamba, ranar tuna yaƙin juyin juya halin ƙasarmu, Mama takan warware mayafin da take naɗe ta a ciki, ta ajiye ta a tebur tsakanin tukunyar tamal, wato alalar masara, da butar kofi, ta ɗauko labarin daga tushe, har da launin dokin. Maza su ɗauka, su jujjuya, su auna bango. Mu mata namu ido. Ina shekara tara na kai hannu, kawuna ya make ni, wai gumin hannun mace yana sa ƙarfe tsatsa.

Da yake a wurinmu bindiga namiji take bi, yanzu ta zama ta yayana Nicanor, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa kai littafi shafin ƙarshe ba. Shi ne ya samo wani attajiri daga Monterrey, Don Evaristo, mai tara tsofaffin makamai. An ce ɗaki guda gare shi cike da bindigogi a bayan gilashi, kowacce da sunan mataccen da ya taɓa riƙe ta. Ya duba tamu ya ce in ita kaɗai ce, peso dubu sittin ne kuɗinta. In kuwa aka tabbatar ta Janar ce, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ƙarfen nan dai shi ne, tsatsar ma ita ce. Me yake saye da sauran kuɗin? Gumin tafin wani mutum da na karanta da idona ya ƙone ƙauye biyu don sun hana shi masara. Amma ban zo miki da wannan ba, in na fara ba zan gama ba.

Don Evaristo yana son takardar rantsuwa a gaban lauya mai hatimi. Mama shekararta tamanin da bakwai, ya ce shaidarta kaɗai ba ta isa ba, yana son hannun malamar tarihi. Sai ga Nicanor a ƙofata yana washe baki: "Malama, yau dai bokonki zai yi rana." Ranar ce aka fara ɗora min bindigar nan a hannu, bayan shekara arba'in da biyar da marin kawu. Ban auna bango ba. Na kifa ta, na ga lambar da aka buga a ƙasanta, na kwafe a tafin hannuna. Kamfanin da ya ƙera ta a Amurka yana ajiye da tsofaffin littattafansa, in ka aika lamba da ɗan kuɗi sai su gaya maka ranar da bindiga ta bar masana'anta. Shekara nawa maza suna shafa ta, babu wanda ya taɓa tunanin ya tambaya.

Amsar ce a jakata. An fitar da ita a watan Maris na 1926, zuwa wani kanti a El Paso. Janar Gándara kuwa an kashe shi a 1917. Shekararsa tara a kabari aka narka ƙarfenta. Wannan kwanan watan ni nake rubuta wa yara shi a allo duk shekara, in kuma cire maki ga wanda ya manta. Ban tsaya nan ba, na je ɗakin adana takardun gari na nemi jerin mutanen Janar. Suna ɗari biyu da goma sha biyu, na bi su da yatsa sau biyu. Babu Crisóforo.

Ban nuna wa kowa ba. Na dai gwada Nicanor, na ce in fa ba ta Janar ba ce? Ya bushe da dariya. "Kin fara ko? Ke da ranar aurenki sai da kika gyara wa fadan coci kwanan wata. Don Evaristo labari yake saye, labari kuma muna da shi. Wa aka kashe?" In faɗi gaskiya, yayana ba ɓarawo ba ne. Da zuciya ɗaya ya yarda da dokin da kogin. Kuma ba mota yake son saye ba, rufin gidan Mama yake son canzawa, ya ɗauko mata mai jinya. Mai jinyar a yanzu ni ce, shekara shida, shi sai dai ya leƙo ranar Lahadi da jakar lemo a yi ta sa masa albarka.

Mama kuwa ta sa an goge mata baƙar rigarta. Ta ce ranar Juma'a da ita za a je, da bakinta za ta ba Don Evaristo labarin. Shekaranjiya ina taje mata kai ta ce, "'Yata, kin ga Baba zai shiga gilashi da sunansa a rubuce, kusa da na Janar." Na ci gaba da taje mata kai.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Sa'ad da na buɗe ambulan ɗin, dariya na yi. Daɗi na ji, Gwaggo, har cikin ƙashina, na tuna duk hannayen da aka ce sun fi nawa tsarki. Sai daga baya na tuna cewa wanda takardar ta ƙaryata uban Mama ne. In na sa hannu na rantse kan abin da na san ƙarya ne, ba zan iya sake tsayawa gaban allo ba. In na ƙi, tsohuwa za ta tambaye ni dalili. Me zan yi?

Mai takarda a jaka, Parral

Ƙanwata,

Kada ki sa hannu. Wannan ɓangaren ba shi da wuya, bari mu kawar da shi. Wasiƙar da kika rubuta wa kamfanin kowa yana iya rubuta ta. In Don Evaristo bai yi ba bana, wanda zai saya daga hannunsa zai yi, kuma ranar da abin ya fashe sunanki za a tarar ƙarƙashin hatimi, ba na Nicanor ba. Mai tara irin waɗannan kaya suna yake biya, kamar yadda kika gane, don haka sayar masa da sunan da kika san babu shi damfara ce, ko da rufin uwa za a yi da kuɗin.

Amma takardar nan ba ta faɗi duk abin da kike ɗora mata ba. Ta yi magana kan ƙarfe, ba ta ce komai kan kakanki ba. Kin fi ni sanin yadda ake rubuta jerin sunaye a lokacin yaƙi, yau an ɗauki mutum a gona, gobe ya mutu ko ya gudu, magatakarda bai sani ba. Kin kuma san cewa da aka zo tantance tsofaffin mayaƙa bayan shekaru, shaida aka nema, da yawansu kuwa ba su da komai sai tabo. Mutumin da ya sha wuya da gaske, ba takarda, yana iya sayen libarba ya kai wa maƙerin azurfa don a yarda da shi. Mai yiwuwa kakanki haka ya yi. Mai yiwuwa kuma shirga ta ya yi tun daga doki har kogi. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Kada haushi ya sa ki yanke hukuncin da ba za ki karɓa daga ɗalibinki ba.

Dariyar da kika yi ba ta sa kin zama muguwa ba. An ware ki shekara da shekaru, kuma ke kika yi aikin da ya kamata. Sai dai kada ki tafi da ita gidan yayanki. Ki same shi gobe, shi kaɗai, ba gaban Mama ba, ba kuma ranar Juma'a gaban baƙo ba. Ki miƙa masa takardar ki ba shi wuri ya karanta. Shi ma kakansa ne, kuma rufin da ya gina a ransa zai rushe. Ki bar shi ya kira Don Evaristo da kansa ya janye, ya tsira da mutuncinsa. In wata rana kun so sayarwa a kan ainihin kuɗinta, ku bi ta hanyar rajista da izinin hukuma, ku haɗa da wasiƙar kamfanin. Batun jinyar shekara shida kuwa magana ce mai zaman kanta, kuma kina da gaskiya a kai. Ki ware mata rana dabam, ki faɗa masa kwana nawa a mako kike so ya ɗauka.

Saura Mama. Kada ki yi mata ƙarya, kada kuma ki yi mata darasi. Ki ce mata bindigar Baba ba za ta bar gida ba. In ta nemi dalili, ki gaya mata lambar ta nuna bayan yaƙi aka ƙera ta, don haka ba za ki iya rantsewa ta Janar ce ba, amma kina iya rantsewa ta mahaifinta ce. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Matar da ta yi shekara saba'in tana naɗe abu tana warwarewa takan san fiye da abin da take faɗa a tebur. Za ta iya yin fushi, Nicanor ma zai iya ɗauke miki wuta na wata biyu ko uku. Ki shirya wa hakan, zai wuce.

Don Evaristo zai samo wata bindigar da wani mataccen kafin watan nan ya ƙare. Ke kuwa suna ɗaya gare ki, uwa ɗaya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa ku fita daga wannan mako kuna cin abinci a tebur ɗaya.

Taki,
Gwaggo Casilda