Wasiyyar Bafaranshen da Ya Raba Halliru da Dalyop

Ni ne marubucin nan na Faransa, mai littafi goma sha ɗaya, wanda hotonsa ke manne a bangon flat ɗin da Halliru ke zaune a unguwar Withington. Ina wannan rubutu da hankalina garau, ba zazzaɓi, ba ruɗewa. Ban haifi kowa ba. 'Ya'yana su ne ku biyun da kuka ƙarar da ƙuruciyarku a kaina: Halliru na Manchester da Dalyop na Birmingham.

Na ɗaya. Halliru, na bar maka sunana, tunda shekara biyar kana ɗauke da shi a uni, wato jami'a. Amma bai kai nauyin da kake zato ba. Ka je laburaren unguwa, wanda council, hukumar gari, za ta rufe. Mai shara a can ya fi farfesa sanin wanda ya shahara, don littafin da ake taɓawa ba ya ƙura. Nawa sai an sa tsumma. Na wata tsohuwa mai labaran soyayya kuwa, bangonsa har ya yage saboda hannu.

Na biyu. Dalyop, ka ce ban kama ƙafar marubutan Ingila da na ƙasarku ba. Wataƙila. A laburaren nan dai an jibge mu a kwali guda, ni da su, kuma har yau ba mu yi faɗa ba.

Na uku. Shekara biyu ba kwa gaisawa, tun ranar sunan 'yar Halliru, da kuka ɗaga murya a kaina har tuwo ya huce. Ranar da Halliru ya sauka Ingila ba rigar sanyi, wa ya cire tasa ya ba shi? Dalyop ne. Ni ina Paris, ban ma san an yi ba.

Na huɗu. An gaya mini a makarantar allo ba a wanke allo sai karatun ya zauna a ka. To, ku rufe littafina, ku kawo mini shafi guda da ka. Kun kasa? A kan me kuka rabu ke nan?

Na biyar. Bizar Halliru za ta ƙare ranar talatin ga wata, zai koma Zariya. Dalyop, kai ne babba, ka hau mota. Halliru, ka buɗe ƙofa, kada ka ce uffan a kaina.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku. Ku riƙe juna, kada 'ya'yanku su haɗu wata rana su wuce ba su san juna ba.

Saura gaskiya. Bafaranshen yana nan da ransa, bai san da zamanku ba. Mai wannan rubutu ni ne Jumare, ƙanin Batulu matar Halliru. Iyakar karatuna allo, Faransanci ko gaisuwa ban iya ba. Na san za ku wanke ni tas. Na yarda, Yaya Halliru, Yaya Dalyop, amma da sharaɗi: ku zo ku zage ni tare, kafin talatin ga wata.